Gilashin da Ya Cinye Sa

Ranar da mai hoton ya saki igiyar san a kasuwar Gwaram, ya karɓi kuɗinsa bai ko waiwaya ba. Wata uku yana juya maganar: ya sayi dogon gilashin kyamarar nan ko ya haƙura? Shanun huɗa biyu mahaifinsa ya bari, shi kuma ya ga ai ɗaya ma ya isa.

Gilashin ya iso daga Kano, tsawonsa kamar taɓarya. Sai ya zamana yana buƙatar sabuwar jaka, jakar kuma tana buƙatar ƙarfe mai ƙafa uku. Haka ya yi rani yana hawa duwatsun Birnin Kudu, kaya niƙi-niƙi a kafaɗa, yana ɗaukar hoton zanen shanun da mutanen zamanin dā suka yi a jikin dutse. A cewarsa, Turawa za su yi rububinsu.

Ba Baturen da ya zo. Ruwan shuka ne ya zo.

Maƙwabta suka yi huɗa, gonar gidansu shi kuwa tana kwance. Ya kawo wa mahaifiyarsa hoton da ya fi ji da shi.

“Inna, dubi ƙahon nan. Kamar ki taɓa!”

Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ajiye hoton, ta shafa kafaɗarsa inda igiyar jaka ta yi masa kanta.

“Wannan dai ba zai ja garma ba,” in ji ta. “Amma Alhamdulillahi, kai ka horu. Gobe da sassafe ka tsaya gefen ɗaya san.”