Kashe Ki Kunna

"Kashe ki kunna," in ji Yaya, ko ɗago kai bai yi ba.

Ƙanwarsa ta kashe wayar ta kunna. Manhajar kiran mota ta buɗe, ta yi ta juyi, ta mutu. Ga Inna jingine da bango, numfashi na fita da ƙyar, asibiti kawai take bukata.

"Yaya, kamfaninku ne fa! Kai ne shugaban sashen ƙorafi!"

"Ku dai kullum ƙorafi. Wannan akwalar wayar taki ce ta cika. Goge tarkace ki sake saukewa."

Ta goge hotunan 'ya'yanta, har da na marigayi Baba, don manhajar ta samu wuri. Ta sake saukewa. Juyin dai, kamar ɗazu.

"To sabis ne. Fita waje."

Tana ƙofar gida tana ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa, sai ga mota fes ta tsaya, da tambarin kamfanin da ke gogayya da na su Yaya. Yaya ya fito yana tura wayarsa aljihu.

"Kamo Inna, mota ta iso."

"Ta wancan kamfanin ka kira?"

"To da fa? Rashin lafiya wasa ne?" Ya ja tsaki. "Tamu ai tun bara muka san ta lalace. Duk ofis babu mai taɓa ta."

"Shi ne ka sa na goge hoton Baba?"

Ya ɗaga kafaɗa.

"Haka muke gaya wa kowa."