Ruwan da Bai Kai Gwiwa Ba

Matata Torika ba ta nan, kuma kabarinta ba ya cikin na mutane. Yana can bayan shingen maƙabarta, kusa da inda ake zubar da ɓawon kwakwa.

Da hantsi aka tsince ta, teku ya janye, tana kife a wurin da mata ke kamun ƙaguwa. Ruwan bai kai gwiwa ba. Macen da aka haifa a tsibirinmu na Kadavu, wadda ta iya iyo tun ba ta gama iya magana ba, ba ta nutsewa a irin wannan ruwa sai in ita ta so. Haka dattawa suka ce, haka faston lokacin ya ce, ni ma ban musa ba. Aka rufe ta babu waƙa.

Hujja kuwa kowa yana da ita. Torika barci take yi a coci, a kan saƙar tabarma, a bakin murhu rogo yana ƙonewa. A satin ma ta yi gyangyaɗi a gaban baƙin sarkin gari, mata suka sa ta a baki. Aka ce wanda ke barci haka da rana tsaka, duniya ce ta ishe shi. Ni na ɗauka zama da ni ne ya ishe ta. Ban yi kuka ba. Na ci gaba da zuwa gonar gwaza.

Ta bar mini 'ya ɗaya, Asenaca, lokacin ko makaranta ba ta shiga ba. Yarinya ce mai surutu, amma daga ranar ta yi shiru. Ban taɓa jin ta ƙyalƙyale da dariya ba, na ce maraici ne.

Da ta fara zama budurwa, sai barcin ya zo mata. Malaman makaranta suka yi ta dukanta har suka gaji. Gwaggonninta kan tambaye ta ko yangonar babanta take sata tana sha, wannan jiƙon saiwa da mu maza ke sha mu yi laushi. Wata rana na tarar da ita zaune, lomar gwaza a hannu, ido a rufe, sai na ga uwarta. Na hana ta zuwa bakin teku. In ta daɗe a rafi, in bar gona in bi bayanta. Ban taɓa faɗa mata abin da nake tsoro ba, ita ma ba ta tambaya ba.

Ta je birnin Suva aikin ɗinki, allura ta ɗinke mata yatsa, aka sallame ta. Saurayin da ya kawo gaisuwa ya janye, uwarsa ta ce ba ta son ragguwa. Daga baya aka ɗebi matasan tsibirinmu tsinkar lemu a Ostareliya, ta sa sunanta. Ban hana ba. Na ji an ce gonar tana nesa da ruwa.

A can ta faɗo daga tsani, ta karye a hannu. Likitan bai tsaya a kan hannun ba, ya yi ta tambaya, aka kwantar da ita da wayoyin na'ura a ka ana duban barcinta. Ta dawo gida da ƙwayoyin magani da wani dogon sunan ciwo da har yau ban iya faɗa ba.

Ranar da ta iso, muna zaune a tabarma bayan cin abincin rana, ta yi mini bayani. Ta ce ba lalaci ba ne, ba baƙin ciki ba ne, ciwo ne a ƙwaƙwalwa, kuma jefi-jefi akan same shi a dangi ɗaya. Ta ce ba ma barci ne ya kayar da ita daga tsanin ba. Wata 'yar ƙasar Tonga ce ta yi abin ban dariya, ta kasa dannewa, sai jikinta ya saki gaba ɗaya. Tana ji, tana gani, amma ko yatsa ba ta iya ɗagawa. Ba ya daɗewa, sai ya wuce.

Na ce to da sauƙi, tunda ba ya daɗewa.

Ta ce, "A tudu ke nan, Baba."

Ban gane ba. Na ce ta sha shayinta kada ya huce.

Ta ce, "Ina wurin ranar da Mama ta rasu. Ba wanda ya tambaye ni. Ina bakin gaɓa, na ɗora ɓawon kwakwa a ka, na yi gemu da ciyawar teku, ina kwaikwayon yadda kake tafiya in ka dawo gona. Mama ta ɗago ta gan ni. Da ta faɗi, na ɗauka ita ma wasa take yi. Na yi ta jira ta tashi."

Ta sha shayin. Ni na zauna ina kallon tabarma. Har yanzu ban ji komai sosai ba, sai kamar ƙafar da aka daɗe a zaune a kanta. Gobe zan je wurin fasto a kan maganar shingen.

Kai da ka karanta, kowace irin addu'a ka iya, taya ni da ita, don ba a yi mata ba a lokacin. Allah ya jiƙan Torika, ya yafe mana abin da muka ɗora mata, ya karɓe ta yadda ta bar duniya, tana dariya.