Wurin da Tawada Ba Ta Taɓa Ba

Ranar da sojoji suka miƙa mulki, Malam Iliyasu na Gyaɗi-Gyaɗi bai miƙa nasa ba. Yana zaune a zaure, Ja'afar mai zane na durƙushe gabansa, 'yar Malam, Mufida, ta shigo da ruwa.

"Na faɗa maka, ba zan ba mai zana abu mai rai 'yata ba," in ji Malam.

Ja'afar ya warware takarda. Tawadar allo ce, amma ya yi ta tsinka ta da ruwa, daga baƙi ƙirin zuwa toka-toka: ƙofar zauren, tabarma, inuwar darbejiya. Tsakiya ya bari fari fat.

Malam ya gyara tabarau. Farin nan yana da sunkuyar kai da zubin mayafi. Ya dubi 'yarsa, ya sake duban takardar. Mufida na tsaye da kofi a hannu.

"Ka zana ta."

"Alƙalamina bai taɓa wurin ba, Malam. Gefe kawai na cike."

Malam ya daɗe yana neman hukuncin da zai haramta wannan, bai samu ba.

"Mufida, ba shi ruwan," ya ce a hankali. "Kai kuma ka turo magabatanka. Takardar ka bar ta nan."