Yumɓun Tanda Ba Ya Randa

Malam Ɗayyabu, saƙonka ya iso. Ka ce tunda mijina, yayanka, ya rasu kai ne uban ɗana Tasi'u, kuma ran Alhamis in za a cike masa fom ɗin jami'a, karatun mulki za a rubuta, na tafiyar da aikin gwamnati. In bai samu ba, a sa masa koyar da kimiyya. Wanda yaron yake so kuwa, na kula da harkar wasanni, ka ce kada ma a ambace shi a gabanka, wai ɗan gidanku ba zai yi shekara huɗu yana karatun wasa ba. To, uba kai ne, ban musa ba. Ni ban yi nisa a boko ba, biron ma da ƙyar nake jan sa. Amma shekara talatin ina sarin tukwane ina kaiwa kasuwa, kuma ba a haifi wanda zai cusa mini fasasshiya ba. Gyara zama ka ji misali.

Wani mutum ne yana haƙar rijiya a gonarsa, sai ya tarar da yumɓu mai kyau, ja, mai santsi a ido. Ya cika mangala ya ɗora wa jaki, ya kai wa wata tsohuwa mai ginin tukwane. Ya ce randa yake so, babba, wadda za a girke a zaure kowane baƙo ya gani ya sha. Tsohuwa ta gutsuri yumɓun ta murza a yatsa, ta ɗora a harshe, ta ɗan tauna. Sai ta ce masa yashi ya yi masa yawa, ba zai riƙe ruwa ba, wannan yumɓun wuta ne. Ta ce ya bari ta yi masa tanda, irin mai gurbi goma sha biyu, za ta shekara ashirin a kan murhu ba ta tsage ba. Ran mutumin ya ɓaci. Tanda fa, baƙa ƙirin, abar bakin titi, kullum cikin hayaƙi da hayaniyar masu jiran waina. Ya ce to ko tulu ne a yi masa, shi dai abin da za a gani da mutunci. Ta ce tulu ma ruwa yake ɗauka, maganar ɗaya ce. Ya lallashe ta, ya yi mata faɗa, ba ta motsa ba. Sai ya kwashe abinsa ya kai wa wani magini a gaba, irin waɗanda ba sa mayar da aiki.

Shi wannan ya gina masa randa, tsayinta har ƙugu. Ya goge ta da dutse, ya yi mata zane a wuya, ya gasa. Ta fito tana sheƙi, in ka ƙwanƙwasa ta amsa kamar ƙararrawa. Aka girke ta a zaure, 'yan garuwa uku suka cika ta da la'asar, maƙwabta suna ta sa albarka. Gari na wayewa, ruwa ya koma rabi, daɓen zaure ya zama caɓi, agwagin maƙwabta sun shigo suna facaka. Aka ce sabunta ce, za ta daina. Aka sake cikawa, ta sake tsiyayewa. Aka shafe ta da siminti, ruwan ya riƙa ɗumi yana wari. Daga ƙarshe ya koma wajen tsohuwar, kansa a ƙasa, ya ce a farfasa a yi masa tandar. Ta ce ai abin da ya shiga wuta ya fito ba ya komawa yumɓu. Randar tana nan a bayan gida an kife ta, kaji na ƙwai a gindinta.

To Malam, ban raina mulki ba, ban raina malanta ba. Wanda aka yi don su, Allah ya ba shi sa'a. 'Yarka Sa'ade, da ke tara ƙannenta tana nuna musu yadda wake ke tsira a gwangwani, ita a kai ta koyar da kimiyya, ni zan fara yin guɗa. Amma Tasi'u a tafin hannuna ya girma. Ka zaunar da shi a kujera, kafin a idar da sallama ya fara leƙen ƙofa. Ƙwallon ma bai iya bugawa ba, ni shaida ce. Sai dai tun yana ɗan shekara goma sha biyu shi ke haɗa unguwa shida gasa, shi ke rubuta wa zai kara da wa. Shi ya je da ƙafarsa ya roƙi hedimasta filin makaranta, da tokar murhuna yake ja musu layi. Ranar da 'yan Tudu da 'yan Gangare suka ɗauko sanduna a kan ƙwallo ɗaya, manya sun koma gefe, shi ya shiga tsakani har aka ƙarasa wasa lafiya. Yanzu an ce akwai makarantar da za ta koya masa wannan aikin da takardarsa, kai kuma sunan ne ya tsaya maka a wuya.

Shekara huɗun nan wuta ce, sau ɗaya ake shigarta. Ran Alhamis wasannin za a rubuta, kuma ina so hannunka ya kasance a kan takardar, don kai ne uba. In ka ƙi, zan dangwala yatsana, a ce matar yayanka ta yi maka taurin kai, ba yau aka fara faɗa ba. Kai daga waje kake hango jinka, ni a ciki nake kwana. Hausawa suka ce, mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.