Tankar da Aka Yi wa Yaɓe

Kai da kake ganin da abu ya yi ƙyalli shi ke nan ya yi kyau, zauna ka ji. A layin masu ƙera aci-balbal da mazurari akwai wasu maƙera biyu, rumfarsu ɗaya, kuma dukansu sun kamu da son ƙera ƙananan tankokin yaƙi da gwangwani, irin waɗanda za ka ɗauka da hannu biyu. Sai wani gidan ajiye kayan tarihi ya ce yana neman tankar Jamus ta yaƙin duniya na biyu, guda ɗaya tak, za a sa ta a akwatin gilashi da sunan maƙerinta. Babban cikinsu, wanda furfura ta fara cin gemunsa, ba shi da buri irin a ce ga aikinsa a inda jikokinsa za su je su nuna. Ya zuba basira, ya goge tankarsa sumul har kana ganin fuskarka a jikinta. Yana sake duba tsofaffin hotuna sai ya lura jikin ta gaskiyar ba sumul yake ba, tsagi-tsagi ne. Da ya bincika, ashe a wancan lokacin Jamusawa kan shafe irinta da wani ƙullu don kada nakiya mai maganaɗisu ta manne mata. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don maƙeri da santsin aikinsa yake taƙama. Amma ya cije, ya kwaɓa garin katako da gam, ya yaɓe duk gugar nan da hannunsa, ya bi da haƙoran tsohon matajin matarsa yana fitar da tsagi layi-layi, sannan ya shafa mata fenti ruwan ƙasa. Ɗaya maƙerin, abokin rumfarsa, ya leƙo, ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "Yaya, wannan tanka ce ko rumbun hatsi?" Shi kuwa tasa tankar fenti kore shar ya yi mata, ya ƙara mata bindiga ta biyu da fitilu, wai don ta fi kwarjini.

Ranar da za a zaɓi tankar, jama'a suka yi dafifi a kan mai ƙyallin, ta dattijo kuwa ko kallo ba ta ishe su ba. Dattijon ya tsaya gefe, kunya na cin sa, yana tunanin ko da hannunsa ya binne sunansa. Can mai zaɓen ya iso, wani tsohon soja da ya ƙare aikinsa yana koyar da tarihin yaƙi. Ya zagaya koriyar nan, ya tambayi mai ita a wane yaƙi aka fita da irinta. Mai ita sai ya hau nuna masa fitilun. Da sojan ya zo kan mai yaɓen sai ya durƙusa, ya bi tsagin da ɗan yatsa a hankali, ya ajiye tsohon hoto a gefenta, ya dubi wannan ya dubi wancan. Ya miƙe, ya kama hannun maƙerin da hannu biyu, ya ce a kawo akwatin gilashin. Dattijo ya koma rumfa yana tafiya kamar ba zai taka ƙasa ba, kuma ya cancanta. Koriyar tana nan a rataye a bakin rumfa, rana ta ci fentinta. Dama Hausawa sun faɗa: ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.