Kofin da Ya Je Ƙasan Teku

Misalin abin da nake gaya maka shi ne wata malamar kimiyya a makarantar 'yan mata, a garin da babban ruwansu bai wuce tafkin bayan kasuwa ba. Shekara tara tana koyar da darasin teku daga littafi. Sai ta ɗaga alli, ta gyara tabarau, ta ɗan yi tari, ta ja murya: "Iyakar zurfin da aka nutsa, iyakar dannawar da ruwa zai yi." Yara su kwafa, su haddace, su juye a jarrabawa, su manta. Rannan wata 'yar kujerar baya ta ɗaga hannu, ta ce, "Malama, mu dai in mun shiga tafki ruwa ɗaga mu yake yi, ba danna mu ba. Ke kin taɓa ganin tekun ne?" Malama kuwa ba ta taɓa ba. Da aka fita tara, ta jiyo su ta taga suna kwaikwayonta, har da gyaran tabarau da ɗan tarin nan nata. Abin ya soke ta, don ta san daga ranar ko gaskiya ta faɗa, tatsuniya za su ji.

Da aka ba malamai damar bin jirgin ruwan masu bincike, ita ta fara cike takarda. Abokin aikinta ya karkace hula, ya ce, "Haba Malama, teku ai ga shi nan a waya. Kunna musu bidiyo ki huta mana." Ta sayo fararen kofunan soso guda biyu, irin marasa nauyin nan na shan shayi a yar, ta sa kowace yarinya ta rubuta sunanta a jikin ɗaya, ta tafi da shi. Kwana uku jiri na juya ta a jirgi, ko ruwa ta sha sai ya dawo. Aka ce ta kwanta. Ta cusa citta a kunci, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ta fito. Ta koyi ɗibar ruwa daga zurfi, da auna gishirinsa da sanyinsa, har tafinta ya yi kanta. Ranar da za a zura na'urar awo cikin teku har zurfin mita dubu biyu, ta sa kofin a cikin safa, ta ɗaure a jikin ƙarfen da hannunta. Da aka jawo, sai ga kofi ya tsuke, bai fi babban yatsa ba, sunayen sun koma kamar sahun kiyashi. Ta dawo aji, ta ajiye shi kusa da ɗan'uwansa da bai je ko'ina ba. 'Yar kujerar bayan nan ta matso, ta kanne ido har ta gano sunanta, ta ce, "Malama, wa ya matse shi?" Ta ce, "Ruwan da kika ce ɗaga ki yake yi." Ranar ba wadda ta fita tara, tambaya ce kawai ta ko'ina. Washegari sai ga mai bidiyo a bakin ƙofa, hula a miƙe, murya ƙasa-ƙasa, wai a ara masa kofin ya nuna wa nasa ajin.

Ka ga abin da ya sa Hausawa suka ce, zuwa da kai ya fi aike.