Asabar a Kwalekwalen Mista Boyd

Kafin Mista Boyd ya tada injin kwalekwalen, Maazou ya riga ya buɗe masa kular abinci yana bincike, kamar kullum. Ya ciro burodi mai naman alade, da gwangwanin giya guda da aka binne a ƙarƙashin ƙanƙara. Ya kai su mota ya kulle. A madadinsu ya ajiye kwanon dambun zogale da matarsa Fassouma ta yi, wanda gishirinsa sai an yi cigiya. Baturen ya ɗaga hannu sama yana dariya. Maazou bai taya shi ba.

Kaka ce, ta shekarar 2006. Itatuwan da suka kewaye tafkin Townsend sun yi ja da rawaya, ruwa ya soma sanyi, kifin bas ya baro zurfi ya dawo bakin gaɓa yana farautar ƙananan kifaye. Lokacin da Mista Boyd ke jira ke nan. Tsohon direban tirela ne daga McLeansville, ƙato, mai surutu. Ya yi doguwar jinya ya tashi, yanzu gani yake ba abin da zai iya kashe shi. Likita ya ce ya guji sanyi da wahala, don ƙaramin ciwo ma zai iya tafiya da shi. Matarsa ta gaji da faɗa. Maazou ne bai gaji ba.

Shi ɗan Gaya ne, a bakin kogi ya tashi, kuma wannan kamun kifi na Amurka haushi yake ba shi. Mutum ya ƙona mai, ya wuni yana jefa kifin roba, ya kama na gaske, ya ɗauke shi hoto, sannan ya mayar da shi ruwa! A garinsu wanda ya yi haka sai a nema masa magani. Duk da haka, bayan mako guda na ɗaukar kwalaye a wani sito a Wendover, kowace Asabar yana nan a bayan kwalekwalen. Fatsarsa ma sau da yawa ba ta taɓa ruwa.

Ranar Juma'a wani dattijo, Alhaji Lamine, ya tare shi a ƙofar masallaci.

"Bon, Maazou, aikin jinya ka samu ne wajen Baturen nan? Kowane wikend kana can. Ko ziyarar maƙabarta ba a ganinka."

"Haka ne, Alhaji," in ji Maazou.

Tun da mota ta kashe ɗansa Faïçal shekara biyu da suka wuce, amsar da yake ba kowa ke nan. Bai yi kuka a asibiti ba, bai yi a bakin kabari ba. Abin da aka tambaye shi ya ce to, inda aka nuna masa ya zauna. Abinci ma ci kawai yake yi, ba ya jin ɗanɗanonsa.

Wajen hantsi suka shiga wani lungu mai kututturan itace. Mista Boyd ya ce rigar ceto ta matse shi, ya kwance maɗaurinta. Maazou ya matso ya ɗaure masa. Da ya juya ya ɗauko kwalbar magani da ruwan sha, Baturen ya sake kwancewa ya ajiye ta gefe, kamar yaro.

A nan abu ya ja zaren fatsar Baturen.

Sandar ta lanƙwashe. Wani ƙaton bas ya yi tsalle ya faɗa, ruwa ya fantsama. Mista Boyd ya miƙe tsaye yana ihu, fuskarsa ta yi ja, numfashinsa ya fara fita sama-sama.

"Zauna," in ji Maazou.

"Ka ga girmansa? Shekara nawa nake nemansa!"

"Ka zauna, na ce."

Kifin ya nufi ƙarƙashin kwalekwalen. Baturen ya bi shi da jiki, ya taka gefe. Maazou ya zaro wuƙa zai yanke zaren, amma ya makara. Kwalekwalen ya karkata, sai kawai ga hula tana yawo a kan ruwa.

Maazou bai cire ko takalmi ba, ya faɗa ruwan. Sanyin ya sare shi kamar an watsa masa allurai. Ya nitsa, ya laluba cikin duhun laka, ya kama iska, ya sake lalubawa, hannunsa ya dace da wuyan riga. Mutumin ya ninka shi nauyi, ga shi yana kokawa. Maazou ya riƙe shi ta baya yadda ake riƙe wanda kogi ya ja, ya yi ta tura ruwa da ƙafa har ya ji ƙasa.

A kan ganyayen gaɓa Mista Boyd ya amayar da ruwa, ya yi tari, leɓensa ya yi shuɗi. Can sai ya soma dariya, haƙoransa na kaɗawa.

"Lafiya nake, abokina. Kifin dai ya tafi."

Maazou bai ko ji shi ba. Tsoro ya ji, abin da rabonsa da ji tun ranar asibiti. Tsoro na gaske. Ya durƙusa ya fizge maɓallan jiƙaƙƙiyar rigar. Baturen ya daina dariya, ya kwanta shiru, ya bar shi.

Maazou ya kifa kunnensa a kan dogon tabon dashen zuciya da ya raba ƙirjin biyu. Ya daɗe a haka. Sannan ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, wadda mai ƙirjin ba ya ji ko kalma ɗaya.

"Sannu. Yi a hankali, Baba na nan."

A ƙarƙashin tabon, da sauri kamar ya dawo daga filin ƙwallo, zuciyar Faïçal tana ta bugawa.